Wayarka Allonka: Nasiha Ga Mai Neman Faransanci

In rani ya yi, bayan sallar isha'i, mai neman samarin ƙauyenmu kada ya wahalar da kansa zuwa dandali ko gindin gawo. Ya nufi shagon mai caji kawai. Zai tarar da wayoyi jere a kan katako, kowacce da 'yar takarda mai lamba manne a bayanta, igiyoyin caji sun sarƙe kamar yaɗon kabewa, batirin sola na ƙarƙashin tebur an rufa masa buhu saboda ƙura. A gefe ga mai turi da tsohuwar kwamfutarsa. Yaro zai miƙo memori ya ce, "A cika mini, amma ban da wanda na gani." A zuba masa Indiya-Hausa da na Kannywood da 'yan na faɗa. Kafin kasuwa ta zagayo ya lashe su tas, ya dawo neman ƙari.

Ƙannena, samari da 'yan matan Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Bichi, ban zo da niyyar raba ku da kallo ba. Wanda ya yini yana kai taki gona a amalanke, ko wadda ta yini tsakanin surfe da ɗiban ruwa, in dare ya yi ta miƙe ƙafa, ba ta yi laifi ba. Lissafi kawai nake so mu yi. Daga ɗaure dawa zuwa saukar ruwan shuka wata shida ne, wani lokaci har ya ɗara. In awa biyu kake kallo kowane dare, ka ba wa waya awa 360 ke nan a rani guda. Tambayata ita ce, da damina ta kama ka koma kan garma, me ya rage a kanka daga awoyin nan?

Ku tambayi iyayenku da suka yi ci-rani a birni a shekarun 1970 da 1980, waɗanda suka san layin tikiti a gidajen silima na Plaza da Orion da Marhaba. A zamaninsu babu mai ɗora wa fim ɗin Indiya murya da Hausa. Dole mutum ya kasa kunne ya haɗa abin da ya ji da abin da ya gani, kuma fim guda sai a shiga a kalle shi sau biyar ba a gaji ba. Shi ya sa har gobe za ka samu dattijo mai furfura da ya san "pani" ruwa ne, "dost" aboki, "nahi" a'a, "calo" mu tafi. Wasu ma sun yi nisa, har Kano ta fitar da mutanen da ke zama su yi hira da Ba'indiye alhali ko filin jirgi ba su taɓa zuwa ba. Sai masu fassara suka shigo, jarumi ya koma magana da Kananci. Ku kun kalli finafinan Indiya ninkin ba ninkin abin da iyayenku suka kalla, amma da wuya a cikinku a samu wanda zai iya roƙon ruwan sha da Indiyanci. Fassara ta tauna muku labarin ta zuba muku a baki, harshen kuma ya wuce ta gefe.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi a Indiyancin dattawan nan. Kusan duk na soyayya ne da ɗaukar fansa. Mutum ya iya cewa zuciyarsa ta karye, amma bai iya tambayar kuɗin mudun gero ba, domin ba a taɓa auna gero a gabansa a cikin fim ba. Abin da ke cikin tulu shi yake zubowa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To me ya sa Faransanci? Nijeriya na da maƙwabta huɗu ta ƙasa: Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma dukansu ana aikin ofis da Faransanci. In ka hau mota a Ɗambatta ka bi ta Kazaure da Daura ka tsallaka Kwangwalam, ga Matamaye nan, gaba kaɗan sai Damagaram, wadda ta fi mana Abuja kusa nesa ba kusa ba. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano a 1903, aka ja layi a tsakiyar dangi, kowane ɓangare ya gaji harshen wanda ya ci shi da yaƙi. Mu kuma a nan kun fi kowa sanin halin da ƙasa take ciki. Gona tana jikin gona, gida yana hango gida, babu sauran saura da za a bari ta huta. Gonar kakana da ta ci da gida guda an raba ta gado sau biyu, abin da ya faɗo wa kowane jika bai kai ya ɗauke shi wata huɗu ba. Duk ɗan da aka haifa a wannan karkara sai ya haɗa noma da wata sana'a, kuma sana'o'in da ke kusa da mu, hatsi da dabbobi da tuƙi da dillanci, duk suna kallon arewa da yamma. Ku je Dawanau ku ga motocin da ke lodin wake da riɗi da zoɓo da masara, ku duba lambobinsu. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Na san abin da wani zai ce: "Yaya, ai mutanen Nijar Hausa suke ji." Gaskiya ne. A kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram Hausarka ta ishe ka ciniki, har ka samu masauki da tuwon dare. Amma baki ne ke Hausa, takarda ba ta yi. Rasiɗin duwan, wato kwastan, da takardar asibiti da ta mota da shaidar makaranta duk da Faransanci ake rubuta su. In kuma ka zarce ka tsallaka Gaya ta Nijar ka gangara Kwatano ko Lome, ko ka yi yamma zuwa Wagadugu da Abijan, Hausa za ta kai ka zango, amma da ka fita daga zango sai ka nemi tafinta, shi kuma tafinta ba don Allah kaɗai yake yi ba.

Ni kaina na sha wannan ruwan. Tafiyata ta farko Kwatano, ina taƙama na haddace ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin, na tsaya gaban wata mai sayar da atamfa a dila-dila na tambayi farashi. Ta ce "quatre-vingt-dix mille". Na ji huɗu, na ji ashirin, na ji goma, na tara a zuci na samu talatin da huɗu. Jaka talatin da huɗu ta sefa! Na ce a raina yau na yi tsuntuwa, ban ko taya ba na ce a ɗaure. Aka ɗaure kaya, aka kira mai ɗauka ya ɗora a ka, na ƙirga kuɗi na miƙa. Matar ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, sannan ta buɗe murya. Ashe su Faransawa ba su da kalma guda ta tamanin, ashirin huɗu suke cewa, casa'in kuwa ashirin huɗu da goma. Jaka casa'in take nufi. Sai da aka nemo wani Bahaushe ya raba mu, ya gama dariyarsa, ya kuma karɓi la'adarsa. Da na taɓa ganin ana ciniki da Faransanci ko sau ɗaya, ko a fim ne, da ban tsaya tsakiyar kasuwa ana nuna ni da baki ba.

Wani kuma zai ce ai Faransa ta zama tsohon zance. Tun juyin mulkin watan Yuli na 2023 sojojin Nijar suka rufe RFI da France 24, sojojin Faransa suka gama kwashe nasu ya nasu a watan Disamba na shekarar, sannan a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ranar da na ji wannan labari na yi murna, kuma har yanzu ina yi. Sai dai dokar da ta ɗaga Hausa ita ce kuma ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Mu ma da Ingilishi suka tafi a 1960 ba mu daina rubuta jarrabawa da Turanci ba. Wanda zai yi maka magana da Faransanci a rayuwarka, goma cikin goma sai ka ga baƙar fata ne ɗan'uwanka, jandarma ko direba ko malamar asibiti. Don su za ka koya.

A takarda, gwamnati ta daɗe da sanin haka. A 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, aka sa shi cikin manhajar makarantu. Akwai ƙauyen koyon Faransanci a Badagry tun 1991, akwai Alliance Française a cikin Kano, ana kuma karanta shi a Jami'ar Bayero. Mai hali ya je. Amma ɗan ƙauye da malamin lissafi ma sai an yi sa'a, ina zai ga na Faransanci? Abin da ke hannunsa waya ce.

Yanzu mu koma kan tulu da abin da ke cikinsa. Kuskuren da yawancin masu farawa ke yi shi ne su fara da finafinan birnin Faris. Kowa ya ji labarin Lupin, wanda ya fito a Netflix a 2021, ga shi kuma jarumin, Omar Sy, ɗan Fulani ne, uba daga Senegal uwa daga Muritaniya, sai mutum ya ga kamar na gida ne. Fim ne mai daɗi, amma ga sabon shiga kamar a ɗora wa ɗan maraƙi garmar shanu ne. Mutanen Faris haɗiye rabin magana suke yi. Abin da littafi ya rubuta "je ne sais pas", wato ban sani ba, a bakinsu sai ka ji "she pa", kafin ka ɗago kai an wuce jimla uku. Kwana biyu ka ce harshen nan ba na mutane ba ne, ka koma Indiya-Hausa.

Ku fara da na maƙwabta. Akwai Les Bobodiouf na Burkina Faso, wasan barkwanci daga garin Bobo-Dioulasso, inda Souké da Siriki ke yawon neman na tuwo da dabarun da kullum suke kwance musu. Ko ba ka jin kalma guda za ka gane yunwa da bashi da cika-baki, domin irinsu na nan a kowace tasha. Akwai Ma Famille na Kwaddibuwa, da Akissi Delta ta fara a 2002, rigimar miji da mata da surukai da maƙwabta. Wanda na fi so wa mai koyo shi ne C'est la vie, da Marguerite Abouet ta ƙirƙira aka ɗauka a Senegal, ya fara fita a 2015. Labarin wani ƙaramin asibiti ne a wata unguwa da suka kira Ratanga: awon ciki, haihuwa, auren wuri, ungozoma mai faɗa, miji mai taurin kai. Kalmomin da ke cikinsa su ne waɗanda za ka buƙata ranar da ka kai mara lafiya. Mutanen cikin finafinan nan suna cin abinci a kwano guda, suna gaida na gaba, suna cinikin tumatir, saboda haka idonka ya riga ya san rabin zancen, aikin kunne ya ragu. Sun kuma fi buɗe baki in suna magana.

Sai dai a yi hattara, Faransancin titin Abijan yana da nasa gauraye da suke kira "nouchi", wanda zai yi maka amfani a tasha amma ya kayar da kai a jarrabawa. Maganinsa labarai. RFI na da wani shiri na minti goma mai suna Journal en français facile, ana karanta labaran duniya a tsanake, kuma ana sa rubutun abin da aka faɗa a intanet. Dabarar ita ce ka fara jin labaran ranar da Hausa, sannan ka bi su da Faransanci, ka ga ka san inda aka dosa. TV5Monde ma na da shafin koyo kyauta, da gajerun bidiyo da aka jera daga na mai farawa zuwa na wanda ya yi nisa.

Ga wata hanya kuma da mu Hausawa muka samu a ɓagas. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta yi wani fim na gaskiya mai suna Zinder a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara. Da Hausa suke magana. In ka samu wanda aka yi wa rubutun Faransanci a ƙasa, to ga malami har gida: kunne na jin harshen uwa, ido na ganin yadda aka mayar da shi. Labarin yana da nauyi, ba na yara ba ne, amma ya cancanci a gani. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo kuwa, ku nemi wasan da kuka riga kuka sani da sharhin Faransanci. Wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddibuwa ta ci mu biyu da ɗaya a Abijan a watan Fabrairu na 2024, in zuciyarku za ta ɗauka, ya isa ya koya muku "but" da "gardien" da "coup franc" da "carton jaune" a zama guda.

Amma duk wannan zaɓe ne kawai. Asalin maganar tana wajen yadda ake kallon, kuma a nan babu wanda zai koya mana, domin mun gaje ta. Wane malami ne ke rubuta wa ƙolo izu guda a allo ranar farko? Layi biyu ake rubuta masa, a biya masa, ya koma gefe ya yi ta nanatawa da ƙarfi har ya zauna, ya zo ya kawo hadda, sannan a ce ya wanke. Haka za ka yi da fim. Ka kalli kashi guda don daɗinsa, ba komai. Sannan ka zaɓi wuri guda da bai wuce minti uku ba, inda ake gaisuwa ko ciniki ko rigimar kuɗin haya. Ka maimaita shi da rubutun Faransanci a ƙasa in akwai. Na Turanci kuwa ka kashe shi, domin muddin yana nan ido zai yi ta karatu kunne na barci. In sun yi maka sauri, YouTube na da wurin rage gudu. Sai ka bi shi jimla-jimla: ka tsayar, ka faɗa da bakinka a fili, da irin muryar mai maganar, har da fushinsa in fushi yake. Za a ce ka zautu. An faɗa wa wanda ya fi ka.

Littafina na farko yana nan har yanzu, ɗan arba'in ne mai jan bango, gefensa ya sha man gyaɗa. Kowane shafi na ja masa layi biyu ya rabu uku. A gidan farko na rubuta abin da kunnena ya ji da baƙaƙenmu: "boku", "kes ke se", "sa fe kombiyan". A na biyu yadda suke rubuta shi: "beaucoup", "qu'est-ce que c'est", "ça fait combien". A na uku ma'ana: da yawa, mene ne wannan, nawa ke nan. Wanda ajami ya fi masa sauƙi ya yi gidan farko da ajami. Sai ka jera su haka za ka gane cewa Faransanci harshe ne mai rubuta baƙaƙen da ba ya furtawa, wanda ya koye shi daga littafi kaɗai kuwa in ya buɗe baki ba mai gane shi. Jimla biyar a dare ta isa, kuma a riƙe ta sukutum, kada a tsinci kalmomi ɗai-ɗai kamar tsintar gyaɗa a bayan roro. Washegari ka sa abin sauraro a kunne ka jefa wayar a aljihu, ka ji wurin nan ba tare da hoto ba, kana hanyar fadama ko kina ɗinkin hula. Ranar da ka riga ɗan wasan faɗin maganarsa, allo ya wanku, a ci gaba.

Za ku tarar Bahaushe na da ribar ƙafa a wurare da dama. Faransanci na raba kowane suna namiji ko mace, abin da ke ɗaure wa mai Turanci kai, mu kuwa da shi muka tashi. Sai dai rabon nasu daban: rana da muke ce wa ta fito, a wurinsu namiji ce, wata kuma mace. Suna da "tu" na tsara da "vous" na girmamawa, kamar yadda ɗan da ya samu tarbiyya ke ce wa babba ku. Wanda kuma ke da dangi a tsallake ya riga ya san lakwal da mushe da kamyo da balo, bai dai san daga Faransanci suka fito ba. Inda za mu sha wuya shi ne inda muka saba sha a Turanci. Bakinmu ba ya raba "p" da "f", ga shi kuwa "pain" burodi ne, "faim" yunwa. Ba ya raba "b" da "v", alhali "boire" sha ne, "voir" gani. A nan ne fim ya fi rediyo, domin kana ganin leɓe: a ɗaya leɓɓa biyu ke haɗuwa, a ɗayan haƙoran sama ke sauka a kan leɓen ƙasa. Ka tsayar da hoton, ka ɗauko madubi.

Ba zan ɓoye muku ba, finafinan ƙasar Faransa da yawa akwai tsiraici da shaye-shaye, kuma ba sa sallama kafin su nuna. Na maƙwabta sun fi dama-dama, su ma ba duka ba. Ma'aunina mai sauƙi ne: abin da ba zan iya kallo ƙanwata na zaune a gefena ba, ba darasi ba ne, ko me na gaya wa kaina. Ku kuma 'yan mata, ku haɗu ku uku ko huɗu a cikin gida da sanin iyaye, ya fi albarka, kuma karatu cikin taro ya fi zama, domin wata za ta zama mai sayarwa wata mai saye. Batun data kuwa, kada wanda ya taɓa kuɗin taki. Mutum guda ya sauke ranar da ya shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, saura su karɓa ta Xender, a kuma bar wa mai turi kwafe a kwamfutarsa.

Abu guda ne fim ba zai taɓa yi maka ba: ba ya amsawa, ba ya kuma gyara maka kuskure. Saboda haka in ka tara shafi goma, ka kai su kasuwa. Ɗambatta na ci ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, Dawanau kuwa kullum. Ka nemi direba ko ɗan kamasho da ya yi lakwal a tsallake, ka same shi a teburin mai shayi, ka ce "Bonjour patron, ça va?" Za ka ji ya amsa ya ƙara da "et la famille? et la fatigue?", ka gane ashe ina iyali da ina gajiyarmu ce suka sa wa rigar Faransanci. Da ya ji ka fara in-ina zai tausaya maka ya juya Hausa. Kada ka yarda. Ka ce wa mai shayi ya ƙara masa kauri da burodi a kanka, ka buɗe littafinka, ka roƙe shi ya ƙirga maka daga sittin zuwa ɗari, a hankali, kana bin bakinsa.